Ranar da Masu Murmushi Ba Sa Nan

Marlow Falls, Janairu

Yaya Noreen,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya ke da 'yarki Corinne, kuma sanyin can bai gama da ku ba. Mu nan lafiya lau. Matata Patrice tana gaishe ki, gwiwar tata ta yi sauƙi. Na haƙura da kiran waya kamar yadda kika ce, tunda kunnenki ya daina shiri da ita, rabin hirar tamu "me ka ce?" ce. Ga takarda, ki karanta a tsanake.

Baba yana nan yadda kika bar shi, ko ƙasa da haka kaɗan. Yana cin abinci, kuma a gidan tsofaffin sun ce ba ya rigima da kowa. Idan na je tsakiyar mako yakan gaishe ni da ladabi, ya tambaye ni ko ni ne mai gyaran hitar ɗumama ɗaki. Na daina yi masa gyara. Wani lokaci ma nakan durƙusa in duba hitar.

Ranar Lahadi ce kawai daban. Kin tuna yadda yake kai mu filin motocin Vandermolen in an tashi daga coci, saboda doka ta hana sayar da mota ran Lahadi, ba mai tare shi da ciniki? Yakan ce yau masu murmushi ba sa nan. Har ya bar masana'antar takarda bai taɓa sayen sabuwar mota ba, amma babu wadda bai leƙa ba. To tun bara nake ɗauko shi duk Lahadi. Da mun ƙetare sarƙar bakin ƙofa ya ga filin wayam, sai ya goya hannu a baya, ya shuri taya, ya ce, "Gordy, karanto mini takardar farashin da ke jikin gilashin nan, idona ya ƙi." Sunana yake kira, Yaya. Wancan makon ya tambaye ni ina kika maƙale, ko kina can wajen jar mota kamar kullum. Idan muka kama hanyar komawa, kafin mu kai gada na koma mai gyaran hita. Ya manta cewa a filin nake aiki, ni kuma ban tuna masa ba. Kin san yadda ya ji ranar da na karɓi aikin.

Abin da ya sa na rubuto shi ne an shigar da ƙudiri a majalisar jiha kan sana'armu. Kin san ni ne na ɗakin ƙarshe. In an gama ciniki a waje sai a turo mini mutum, in haɗa masa rancen banki, in tallata masa ƙarin garanti, da kariyar fenti da ta taya, da inshorar cike giɓi, wadda ke biyan ragowar rance in mota ta halaka kafin a gama biya. Ƙudirin zai sa iyaka ga ribar da muke ɗorawa, ya tilasta a karanta wa mai saye kowanne daban, ya kuma ba shi damar fasawa. La'adata za ta ragu, babu shakka. Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Ana raɗe-raɗin manyan dillalan birni sun ce za su haƙura da duk wannan idan aka sakar musu Lahadi su riƙa buɗewa.

Ki yi ƙoƙari ki zo ki same shi a wata Lahadi.

Ƙaninki,
Gordy

*

Kodiak, Fabrairu

Gordy,

Na samu takardarka, na ji daɗin jin kuna lafiya. Ka gaishe mini da Patrice, ka ce ta daina hawa benen nan da kwandon wanki. Ni ƙalau nake, sai dai asibitin ya cika da masu mura, ma'aikatan jinya kuwa mu ne dai mu ɗin nan, ba a ƙara kowa ba.

Zan faɗa maka gaskiya ko da ba za ta yi daɗi ba. Ni ina bayan dokar nan, da ina can ma da na je na ɗaga musu hannu. Ka manta abin da aka yi wa Corinne bara? Yarinya ta je sayen motar zuwa aiki, ta yi ciniki har ta ji ta yi nasara, sai aka shigar da ita ɗaki irin naka. Mutumin ya yi ta turo mata takardu yana ce mata ai ɗan abu ne kawai za a ƙara a wata. Ta fito da inshora kala-kala da ba ta san sunansu ba, har da kariyar kujerun fata, motar kuwa kujerun yadi gare ta. Ta yi kuka a ɗakin girkina kamar ƙaramar yarinya. Ban ce kai haka kake yi ba. Amma a ɗakin kake zaune, kuma ban taɓa jin ka ce kujerar na cizonka ba.

Don haka in la'ada ta ragu, ku rage cin nama, ba a mutuwa. Abin da ya ɗan sosa mini rai shi ne yadda ka jero labarin Baba, sannan ka ɗora na dokar a kai. Tun kana yaro haka kake, in kana son abu sai ka fara ba Mama tausayi. Baba ba ya bambanta Lahadi da Talata, Gordy. In sun buɗe ran Lahadi, ka kai shi ranar hutunka. Mota mota ce, taya taya ce, ya shura.

Na yi kuka da na karanta zancen jar motar, ban ɓoye maka ba. Zan zo, amma ba yanzu ba. Ka sayo masa burodin kirfa da sunana.

Yayarka,
Noreen

*

Marlow Falls, Maris

Yaya Noreen,

Ina gaisuwa. Muna lafiya, Baba ma lafiya. Ya ci burodin, ya ce a gode wa matar da ta aiko.

Ban ji haushin takardarki ba. Na karanta, na ninke, na tafi aiki. Abin da aka yi wa Corinne ana yi, ba zan ce ba a yi ba.

Na bi shawararki. Ranar Talata na ɗauko shi na kai shi filin. Da ya hango ƙofa a buɗe da yara cikin rigar kamfani, sai ya riƙe hannun ƙofar motar gam, ya ce mini, "Malam, wuce, wuce, a buɗe suke, za su kama mu." Bai sauka ba. Wata ranar na kai shi wurin ajiye motocin coci, na ce ko ganin motoci a jere zai wadatar. Ya dube ni kamar ɓarawo, ya ce waɗannan na mutane ne, ba a leƙa motar mutane. Na gwada ɗan filin tsofaffin motoci na bayan tashar jirgi, nan ma bai san wurin ba, bai san ni ba. Ban san abin da ke buɗe masa kai ba. Wataƙila ƙararrawar coci ce da safe, da sarƙar, da shirun wurin, in sun haɗu.

Makon jiya ƙungiyar dillalai ta kwashe mu a bas zuwa babban birnin jiha, ranar sauraron ra'ayin jama'a. An raba mana riguna iri ɗaya da abincin rana a kwali. A hanya na shirya abin da zan faɗa kan Lahadi, har na maimaita shi a raina. Da muka isa, lauyan ƙungiya ya miƙa wa kowa abin da zai karanta, nawa kan inshorar cike giɓi ne. Na je wajen maigidanmu, Mista Vandermolen, jikan wanda kika sani, na ce ina da wata magana daban. Ya dafa ni ya ce shi ma ba ya son Lahadin nan, yana da jirgin ruwansa na kamun kifi da ke jiransa, amma yau ba ranar wannan ba ce. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Kafin ni wata mata ta yi magana, mai aikin dafa abinci a makaranta. An ba ta mota ta tafi gida, bayan kwanaki aka kira ta wai banki bai yarda ba, ta dawo ta sa hannu a kan kuɗin ruwa mafi tsada, tsohuwar motarta kuwa an riga an sayar. Na so in tafa mata, amma ina sanye da rigar. Sai aka kira ni, na karanta takardata daga farko har ƙarshe ban yi tuntuɓe ba. Shugaban kwamitin ya gode mini yana kallon wayarsa.

Zancen Lahadi ba a ɗakin aka yi shi ba. Muna cin abinci a matakala muka ga lauyanmu da wasu 'yan majalisa sun fito daga wani lungu suna dariya. A bas aka gaya mana an daidaita, kowa ya samu wani abu. Na kalli gonaki ta taga har muka iso.

Gordy

*

Kodiak, Mayu

Gordy ƙanena,

Ina fata kuna lafiya. Ka yi haƙuri da shirun da na yi. Takardarka ta iso tun tuni, na karanta ta a tsaye a bakin ƙofa, na sa ta a kan firji na kasa amsawa. Kai ma ba ka sake rubutowa ba, sai na ɗauka fushi kake. Patrice ta turo mini saƙo ta ce ba fushi ba ne, wai ka zama kamar wanda aka yi wa allurar kashe zafi, kana ci kana sha kana zuwa aiki. Wannan ya fi fushin ba ni tsoro.

Na yi maka muguwar fassara, na yarda. Na ga kalmar la'ada sai idona ya rufe, na bar sauran takardar. Har yanzu ina bayan dokar saboda irin matar nan mai dafa abinci, amma ban san da Lahadin Baba za a biya ba. Me ya haɗa kifi da kaska?

Ka gaya mini, an gama ne ko da saura? Na ji an ce irin waɗannan abubuwa sukan yi shekara suna yawo tsakanin wannan zauren majalisa da wancan kafin gwamna ya gani. Nan kakar kifi ta kusa, daga Yuni har ƙarshen Agusta garin cika yake da ma'aikatan jiragen ruwa, kullum ana kawo mana mai yankakken hannu. Ba a ba kowa hutu sai da babban dalili. In ka ce in zo yanzu, zan je in tsaya a gaban shugabarmu in yi rashin kunya. In kuma da lokaci, Satumba ta fi mini sauƙi. Kai ke ganinsa, kai za ka faɗa.

Shin ya sake tambayata?

Noreen

*

Marlow Falls, Yuni

Yaya Noreen,

Gaisuwa mai yawa. Lafiya muke. Baba ya ɗan rame, likita ya ce ba wani abu ba ne.

Gwamna ya sa hannu. Dokar za ta fara aiki ɗaya ga Agusta. Akwai wani sashe da ban lura da shi ba sai daga baya: duk wanda zai sayar da rance ko inshora a filin mota sai ya ci jarrabawa ya karɓi lasisi, kuma shi zai karanta wa mai saye komai da bakinsa ana naɗar murya. Mu biyu muka zauna jarrabawar, ni na ci, abokin aikina ya faɗi, sai kaka zai sake. Wato ba motar da za ta fita daga filin nan sai ta bi ta bakina. Mista Vandermolen ya kawo kek ofis don taya ni murna. Na tambaye shi ko zai bar Lahadi a rufe, tunda dokar ba ta tilasta buɗewa ba. Ya nuna mini filin da ke tsallaken babban titi, sun riga sun rataya ƙyalle mai cewa za su buɗe kwana bakwai. Sauran na garin ma duk sun bi. Ya ce in ɗauki Laraba ta zama ranar hutuna.

Abin dariya, sabon tsarin ya fi mini sauƙi. Na fara gwada shi tun yanzu. Ina karantawa, mutum ya ce ba ya so, in wuce na gaba. Ba roƙo, ba zagaye-zagaye. Ina komawa gida ba ciwon kai.

Lahadin nan da suka rage muna zuwa. Ciyawa ta yi kore a bakin shingen, yana tsayawa ya daɗe gaban wata farar akori-kura, ya ce tsadarta rashin kunya ce. E, ya tambaye ki. Ya ce in je in kira ki kada ki ɓata rigar cocinki da ƙurar mota, Mama za ta yi faɗa. Na ce kina zuwa. Ya ce kullum ke ce ta baya.

Kin ce in faɗa miki ranar da za ki zo. Na zauna da biro na daɗe, ban iya ba. Na roƙe ki sau ɗaya a Janairu, ban san yadda ake yi na biyu ba. Na san aikinki, na san masu yankakken hannu ma 'ya'yan wasu ne. Ki zo sanda kika samu dama.

Gordy

*

Kodiak, Yuli

Gordy,

Ina gaishe ku duka. A gurguje nake rubutu, yau ko zama ban yi ba.

Na gode da ka fahimce ni. Na ji tsoron za ka ce lallai sai yanzu, don abokiyar aikina ta karye a ƙafa, mun koma abin tausayi. Tunda ka ce sanda na samu dama, na yanki tikitin Satumba, mako na biyu, zan yi kwana goma. Na yi ta tunani, ko da sun buɗe ai filin yana nan, motocin suna nan, kuma ranar Lahadi ce. Mutum ba ya manta abin da ya yi shekara da shekaru yana yi saboda an cire sarƙa. In ya gan mu mu biyu tare, ka ga abin mamaki. Na sayi jar riga musamman.

Ka riƙe mini shi.

Noreen

*

Marlow Falls, Agusta

Yaya Noreen,

Ina fata kina lafiya, aikin kuma ya lafa. Mu lafiya. Baba lafiya, hawan jininsa daidai.

Jiya muka yi Lahadin farko a buɗe. Tun da sassafe yara suka zo suka ɗaura balan-balan a jikin madubai, aka kafa lasifika, aka kunna gasa nama kyauta a bakin ƙofa. Sarƙar an naɗe ta an jefa bayan ɗakin wankin mota. Mutane sun zo sosai, wasu da kayan coci a jikinsu.

Ni da Patrice mun yi shawara ba za a kawo shi ba. Amma daga gidan tsofaffin suka kira ta, wai tun da ya ji ƙararrawar coci ya sa hularsa ya zauna a bakin ƙofa, ya ƙi cin abinci, ya ce ɗansa na zuwa. Sai ta je ta ɗauko shi. Ban ga laifinta ba.

Ina cikin karanta wa wasu mata da miji sharuɗɗan garanti na hango su ta gilashi. Ya sauka daga motar da kansa, ya goya hannu a baya, har ya nufi farar akori-kurar nan. Na nemi uzuri, na kashe na'urar naɗar murya, na cire bajon sunana na sa a aljihu. Rigar kamfanin ce ban samu yadda zan yi da ita ba. Kafin in isa wani sabon yaro ya riga ni, yana miƙa masa hannu yana tambayarsa abin da yake nema yau. Na ce wa yaron ya bar mini wannan. Baba ya ja da baya har ya jingina da motar, yana kallon balan-balan, yana kallon mutane.

Na ce, "Baba, ni ne. In karanto maka takardar gilashin?"

Ya cire hularsa, kin san yadda yake yi wa manya. Ya ce, "Na gode, saurayi, kallo kawai nake. Ba saye zan yi ba."

Na ce ba komai, kallo kyauta ne.

Ya matso ya rage murya, kamar mai ba ni shawara. Ya ce, "Kada ka ɓata lokacinka a kaina, ka ji? Na yi kuskuren rana ne. Ran Lahadi muke zuwa, ni da yarana, in ba kwa nan."

Ina jin murmushi nake yi a lokacin. Shekara da shekaru ina yi, fuskar ta saba, da na ga mutum a filin take yin abinta. Na ce masa ya zaga yadda yake so, ba wanda zai dame shi. Na bi shi daga nesa ina kore masa yara. Bai shuri taya ko ɗaya ba. Ya zaga layi guda, ya koma wajen Patrice ya roƙe ta, in ba damuwa, ta rage masa hanya zuwa gida.

Na koma ɗakina. Mata da mijin suna nan suna jira. Na kunna na'urar, na faɗi sunana da lambar lasisina, na ci gaba daga inda na tsaya. Sun ƙi garantin, sun karɓi inshorar cike giɓi. Mun sayar da motoci da yawa jiya, an ce ba a taɓa yin rana irinta ba.

Patrice ta tambaye ni ko ina son in yi magana, na ce ba abin da ke damuna, kuma gaskiya na faɗa. Ina jira in ji wani abu, bai zo ba tukuna.

Ki turo mini lokacin saukar jirginki, zan zo in ɗauke ki in ba Lahadi ba ce. In Lahadi ce Patrice za ta zo. Ki taho da rigar sanyi, yamma ta fara yin sanyi a nan. Za ki same shi da tsabta, cikin ladabi, zai ji daɗin baƙuwa. Na gaya wa masu kula da shi su riƙa rufe tagarsa da safiyar Lahadi, saboda ƙararrawar.

Ƙaninki,
Gordy